Tambayoyi da Amsoshi: Iskar Esin Motarka Ta Yi Rauni? Kada Ka Ruga Wajen Mai Gas

An buɗe wannan fili ne domin waya da kwamfuta, amma da bazara ta kankama sai saƙonninku suka koma na mota. Ban ƙi ba, tunda motar yanzu kwamfuta ce aka ɗora wa taya huɗu. Ga na wannan mako.

Tambaya (daga Zariya): Malam, Corolla gare ni ƙirar 2010. Iskar esi tana da sanyi idan na kara hannu a bakin ramin, amma ba ta da ƙarfi ko na kai fankar ƙarshe, sai ƙugi kawai. Sau biyu ana ƙara mini gas a wata uku, babu canji. In sake kwamfuresa?

Amsa: Ɗan'uwa, ka riga ka faɗi cutar da bakinka, sannan ka je ka sayi maganin wata daban. Iska tana da sanyi, ƙarfi ne babu. To ina ruwan gas da ƙarfin iska? Gas aikinsa sanyayawa. Turo iskar kuwa aikin wata fanka ce da ke ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren fasinja, wadda makanikai ke kira bulowa. Mutum mura ta toshe masa hanci, ku kuna ƙara masa jini.

Wannan magana ta "a ƙara gas" ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Gas ɗin esi ba fetur ba ne da ke ƙonewa ya ƙare. A rufe yake, yana zagayawa daga kwamfuresa, wato famfon da ke tura shi, zuwa kondensa da ke gaban lagireto inda yake sauke zafi, ya shiga cikin mota ya ɗauko zafi, ya koma. Idan ya ragu sosai cikin 'yan makonni, akwai inda yake yoyo, kuma zuba sabo ba tare da toshe wurin ba ɗiban ruwa ne da kwando. Idan kuma bai ragu ba aka ƙara, an jawo wata fitinar: matsi ya yi yawa, kwamfuresa ta riƙa yankewa da kanta, sanyin ma ya ragu, a ƙarshe ta mutu da gaske. Ranar nan sai a ce maka ai da ma an faɗa maka. Ka ɗaga bonet, akwai 'yar takarda a manne da ke faɗin irin gas ɗin motarka da nauyinsa. Ƙaramar mota irin taka wajen rabin kilo take ɗauka, kuma R134a ne. Mai gyaran da ya san aikinsa zai zuƙe abin da ke ciki, ya tabbatar babu yoyo, ya zuba a kan sikeli. Wanda ya taɓa bututu da bayan hannu ya ce "ya sha" ba awo ya yi ba, duba ya yi maka.

Mu dawo kan naka. Tsakanin iskar waje da bulowa akwai matata, filtar cikin mota, ba wadda ke wajen inji ba. Da yawa daga cikinku ba su ma san da ita ba, kuma a wurin juyen mai ba kasafai ake waiwayarta ba. A Corolla irin taka tana bayan durowar gaban fasinja. Ka kwashe tarkacen ciki, ka zare ɗan hannun da ke riƙe durowar a gefe, ka matse gefunanta ta sauko, za ka ga murfi dogo siriri. Ko sukundireba ba ka buƙata.

Bara surukina ya kawo mini tasa da irin wannan kuka, har an yanka masa kuɗin kwamfuresa a wani gareji. Na zaro filtar a ƙofar gida. Abin da aka saya fari ya koma kamar bulon ƙasa, ga busasshen ganyen darbejiya a tsakanin ninkin, ga ɓawon gyaɗa da ɓera ya tara a kusurwa. Da na buga ta a ƙasa sai da yaran da suka zagaye mu suka watse da tari. Muka kunna fanka babu filtar, iska ta kusa tuɓe masa hula. Bai ce komai ba, sai salati.

Masu ƙera mota sukan ce a sauya ta bayan kilomita dubu goma sha biyar zuwa ashirin da wani abu, amma ba da hazon hunturunmu suka yi lissafi ba. Ni ƙa'idata, duk ƙarshen hunturu ina sa sabuwa, kafin zafin Maris ya sauka, sannan in leƙa ta bayan damina. Ka lura da yadda tsohuwar take zaune kafin ka cire, akwai alama a gefenta. Kada ka wanke ta da ruwa, takarda ce. Kuma don Allah kada ka bi shawarar masu cewa a jefar da ita a huta. Bayan bulowa akwai wani ƙaramin abu mai kama da lagireto, shi ne mai yin sanyin, kuma kullum a jiƙe yake da raɓa. Ƙura ta sauka a kan jiƙaƙƙen ƙarfe me za ta zama? Laka. A motoci da yawa sai an sauke dashbod gaba ɗaya kafin a kai gare shi. Filtar da za ka samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka da kuɗi kaɗan ta koma aikin yini biyu, kuma dashbod ɗin da aka taɓa saukewa ba ya rabuwa da ƙaraf-ƙaraf.

Idan ka cire filtar iska ba ta dawo ba, sai a sauke bulowar a duba ko leda ko sheƙar ɓera ta cika ta, sukurori uku ne galibi. Kwamfuresarka dai ka ƙyale ta, ba ta yi maka laifi ba.

Tambaya (daga Maraɗi): Fankar esina ba ta aiki a lamba 1, 2 da 3, sai a 4 kawai.

Amsa: Resistar bulowa ce ta ƙone, wato abin da ke rage wa fankar gudu a ƙananan lambobi. Lambar ƙarshe ba ta bi ta cikinta, shi ya sa ta tsira. Mai rewaya zai sauya ta cikin minti ashirin. A duba soket ɗinta ko ya narke. Iskar da ke wucewa ce ke sanyaya resistar, don haka ka koma ka karanta amsar ɗan Zariya, in ba haka ba sabuwar ma za ta bi ta.

Tambaya (daga Bauci): Idan na tashi tafiya esi lafiya lau, amma kafin in kai Jos iska ta ɗauke kusan gaba ɗaya. In na tsaya sallah na dawo sai ta gyaru. Maigidana ya ce tunanina ne.

Amsa: Hajiya, ki gaya wa maigida ba tunaninki ba ne, ƙanƙara ce. Wancan abin mai yin sanyi yana wuce gona da iri, raɓar da ke jikinsa ta daskare ta toshe hanyar iska. Kafin ki idar da sallah ta narke. Ki gwada a hanya: da iska ta yi rauni ki kashe maɓallin esi ki bar fanka kaɗai. Idan cikin 'yan mintoci iska ta dawo, kuma da kika tsaya kika ga ruwa na zuba sosai a ƙarƙashin motar, magana ta ƙare. Abin da ke jawo shi ko dai sensar da ya kamata ta dakatar da kwamfuresa kafin daskarewa ta lalace, ko filta ta toshe, ko gas ya ragu. Nan ne kaɗai a yau zan yarda a ɗora gejin awon gas. Ki kuma tambaya ko an taɓa yi wa esin "dairek", wato an haɗe waya an tsallake sensar. Wasu masu gyara suna yi don mai mota ya ji sanyi kamar firiza ya biya da murna.

Tambaya (daga Kumasi): Ina jin ƙas-ƙas-ƙas a cikin dashbod idan na kunna mota, kuma iska ta ƙi barin ƙafafuna ta dawo fuska.

Amsa: Akwai 'yan ƙofofi a ciki da ke karkatar da iska, kowace da ɗan motonta mai haƙoran roba. Haƙoran ɗaya sun cinye. A sauya shi. Dukan dashbod da tafin hannu ba gyara ba ne, ko da ya yi aiki jiya.

Tambaya (daga Kano): Na sayi ɗan abin nan ELM327 mai karanta matsalar mota da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, na sa manhajar Torque, amma ba ta nuna mini matsalar esi ba. Jabu ne?

Amsa: Alhamdu lillahi, an tuna da waya. Wataƙila jabu ne, kasuwa cike take da su, amma ko na gaske ne haka za ka gani. Soket ɗin nan mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, OBD2, Amurka ta wajabta shi tun 1996 domin sa ido kan hayaƙin inji. Abin da kowace manhaja ke iya karantawa ke nan: inji. Esi yana da tasa 'yar kwamfutar da ke magana da yaren kamfaninsa, sai manhajar da ta iya wannan yaren, irin Techstream ga Toyota. Kuma babu kwamfutar da za ta gaya maka ɓera ya haihu a bulowa. Ka riƙa cire shi in ka ajiye mota, soket ɗin da wuta ko an kashe inji, a hankali yake shan batir.

Tambaya (daga Sakkwato): Wayata tana rubuta cewa ta yi zafi idan ina bin taswira a mota.

Amsa: Ka manna ta a gilashi cikin ranar Sakkwato, tana caji, tana taswira, kana jiran ta yi me? Apple ma digiri 35 ya yanka wa iPhone, garinku kuwa yakan haura 40 a inuwa cikin Afrilu. Sayi mariƙin da ake maƙalawa a bakin ramin esi, ka cire mata rigar nan mai kauri. Idan naka esin ma ba ya busawa, koma tambaya ta farko.