Kai ƙaramin yaro wurin ninkaya a lokacin korona

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce yaronki shekararsa biyu da rabi, zafin bazarar nan ta Katsina ya hana shi sakat, kina son kai shi wurin ninkaya na otal amma kina tsoron kada ya ɗauko korona a cikin ruwan, ga kuma kakarsa a gida mai hawan jini da ciwon suga.

Ruwan kansa ba shi ne abin tsoro ba, matuƙar ana sa masa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, yadda ya kamata. Korona ta numfashi take bi, tari da atishawa da magana kusa da kusa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba ta yaɗuwa ta ruwan ninkaya. Inda ake ɗaukarta shi ne wajen mutanen da ke kewaye da ruwan: layin biyan kuɗi, kujerun baki, gefen da ba zurfi inda iyaye ke cunkushewa da 'ya'yansu, sai kuma uwa-uba ɗakin canza kaya, wanda galibi ƙarami ne ba taga, kowa yana haki ba takunkumi. Saboda haka wurin da ke fili, iska na kaɗawa, ya fi rufaffe nesa ba kusa ba.

Ki zaɓi ranar aiki, Litinin zuwa Alhamis, wajen ƙarfe 9 zuwa 10 na safe. Yammacin Juma'a da Asabar da Lahadi, balle ranakun sallah, ki bar wa masu so. In kin isa kika ga ba za ki iya barin tazarar mita 2 tsakaninku da wani iyali ba, a ruwa ko a tudu, ki juya kawai. Ki sanya masa kayan iyon tun daga gida a ƙarƙashin rigarsa, in kun fito ki lulluɓe shi da tawul ki canza masa a mota, kun tsallake ɗakin nan ke nan. Tawul da kofi da kayan wasa duk naku za ki ɗauko.

Batun takunkumi: ke ki sa naki har bakin ruwa, ki cire ki ajiye a busasshiyar leda, ki tafi da na biyu. Kada kowa ya shiga ruwa da shi, don in ya jiƙe mannewa yake a hanci ya hana numfashi. Shi kuwa yaron, ba a wajabta takunkumi ga 'yan shekara 5 zuwa ƙasa ba. Sanitaiza mai alkohol kashi 60 cikin 100 ko fiye ki riƙe a jakarki, ba a hannunsa ba, don yara na lasa, kuma ba ta aiki sosai a jiƙaƙƙen hannu sai an goge.

Yanzu ga inda nake so ki sa ido sosai, domin a nan wuraren namu suka fi gazawa. Kulorin ba a zuba shi sau ɗaya a manta. Rana na cinye shi, gumi da fitsari na cinye shi, kuma famfon da ke juya ruwan yana tace shi wuta yake buƙata. In aka kwana ba wuta ba a tada janareto ba, ruwan ya tsaya cak ke nan. Ki tambayi mai kula da wurin yaushe ya auna a ranar, nawa ya samu. Abin da ake so, kulorin ya kasance tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwan, 7.2 zuwa 7.8. In pH ya haura haka, kulorin yana nan amma ƙarfinsa ya ragu. Akwai 'yan takardun gwaji da ake tsomawa su canza launi cikin daƙiƙoƙi, in kina da su ki auna da kanki. In babu, ki tsaya a gefen da ya fi zurfi ki duba: kina ganin magudanar da ke ƙasa tar? Ki shafa bangon cikin ruwan da hannu: in da santsi kamar yauƙi, kada ku shiga. Ki kasa kunne ko famfon na ƙara. Kuma kada warin magani mai hawa ka ya ruɗe ki ki ce tsafta ce, wannan warin yana fitowa ne in kulorin ya haɗu da fitsari da gumi, shi ne kuma ke jajanta idon yara ya tayar da tari ga mai asma.

Akwai ƙwayoyin zawo da kulorin ba ya kashewa da wuri, wata takan yi fiye da mako a ruwa da ranta. Don haka in yana gudawa, ko mura, tari, zazzaɓi, ko wani a gidan yana da su, a fasa. Famfas na yau da kullum kumbura yake a ruwa ya yi nauyi ya ɓare, sai ki nemi na iyo, shi ma kashi mai tauri kawai yake riƙewa. Ki duba shi duk minti 30, ki canza nesa da bakin ruwa.

Dam da kududdufi kuwa, ko Ajiwa ko Zobe ko Jibiya ko Sabke ta wajen Daura, kada ki ce can ba cunkoso ki kai shi. Ruwan da ba a sa wa magani ba shi ne gidan tsargiya, tsutsar na fitowa daga katantanwa ta huda fata ta shige, sai bayan makonni ko watanni a ga jini a fitsarin yaro.

Abin da ya fi korona saurin ɗauke yaro irin naki a wannan wuri shi ne nutsewa. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, ba ya fantsama ruwa, shiru yake sulalewa, cikin ƙasa da minti ɗaya an gama. Ki shiga ruwan tare da shi, ya zama duk inda yake hannunki na kai wa gare shi. Waya ta zauna a jaka. Kada ki damƙa shi ga yayarsa 'yar shekara 10, kada kuma ki dogara da robar hannu ta hurawa, sacewa take ko ta zame, wani lokaci ta kifa yaro da fuska. Minti 20 zuwa 30 ya ishe shi. Da kin ga yana rawar ɗari ko leɓensa ya canza launi, fito da shi ko da rana na dukan ƙasa. In ya shaƙi ruwa, tari ya ƙi tsayawa, numfashi ya yi sauri ko ya yi laushi da barcin da ba ki saba gani ba, ku wuce asibiti nan take, Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa ko wanda ya fi kusa.

Sai maganar Hajiya kaka, wadda a ganina ita ce za ta yanke hukunci. Yara ƙanana mafi yawansu cutar ba ta kayar da su, wasu ma ba sa nuna alama, amma suna kai ta gida, kuma tsoho mai suga da hawan jini shi ta fi yi wa illa. Mu nan jihar ba baƙuwa ba ce, tun watan Afrilun 2020 aka fara samunta a Daura har aka rufe garin. In kakar ba ta yi rigakafi ba, kuma a ɗakinta yaron ke wuni, shawarata ki haƙura da otal tukuna. Ki sayi baho babba ko robar wanka ta hurawa, ki sa a inuwa a tsakar gida, ruwa iya cinyarsa in yana zaune, ki zauna a gefensa. Da an gama ki zubar ki kife, saboda sauro da kuma kada ya koma shi kaɗai.

In kuma kun je, ku yi wanka da sabulu da dawowa kafin ya shiga wajenta, ki lura da kowa a gidan har kwana 14. Wanda ya fara zazzaɓi, tari, ko ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano, a raba masa ɗaki da kakar, a kira NCDC, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, a 6232, kiran kyauta ne.