Tsofaffin finafinan gargaɗin gobara: a nuna wa ɗalibai ko a bar su a ajiye?

Tambaya: Ni malamar firamare ce. Hedimasta ya ɗora mini nauyin yi wa 'yan aji biyar da shida bita a kan gobara kafin hunturu ya kankama. A YouTube na ci karo da tsofaffin finafinan Amurka da Ingila na shekarun 1950 zuwa 1970, wasu marasa launi, wasu katun. Sun burge ni, don ko yaro ba ya jin Turanci zai gane abin da ake nufi. Su wa suka shirya su, kuma abin da suke koyarwa yana nan daram ko zamani ya wuce shi?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Ki nuna musu, amma kada ki kunna fim ki koma bayan aji kina makin jarrabawa. Abin da finafinan nan ke koyarwa game da yadda mutum zai tsira da ransa, yawancinsa yana nan daram. Abin da suke koyarwa game da tsayawa a kashe wutar, da kayan kashe ta, da yawan lokacin da mutum yake da shi, nan ne zamani ya yi musu nisa, har wani ma ya zama haɗari.

Masu shirya su dai suna da yawa. A Amurka akwai kamfanonin inshora, waɗanda asarar gobara ke taɓa aljihunsu kai tsaye, da hukumomin kashe gobara na birane, da ƙungiyar kariya daga gobara ta ƙasar, NFPA, da aka kafa a 1896. Ita ce ta fito da katun ɗin kare mai hular 'yan kwana-kwana, Sparky, a 1951. Hukumar gandun daji kuma tana da nata, dabbar daji mai suna Smokey, tun 1944. Kamfanin Disney ya yi wa yara gajeren katun a kan wuta a 1955. Akasari a makon 9 ga Oktoba ake haska su a makarantu, makon tunawa da babbar gobarar Chicago ta 1871. A Ingila kuwa ofishin yaɗa labarai na gwamnati ne, wanda aka kafa a 1946, yake yin gajeru ana sakawa a talabijin tsakanin shirye-shirye. Dattawanmu da suka ga zamanin majigi ba za su yi mamakin salon ba: murya ɗaya mai iko tana bayani, ga mai hankali, ga wawa, a ƙarshe wawa ya ji a jikinsa.

Wanda ya fi dacewa da aikinki shi ne abin da ya biyo bayan gobarar wata makarantar Katolika a Chicago, Our Lady of the Angels, ranar 1 ga Disamba 1958. Wutar ta tashi ne a ƙasan matakalar bene, ta daɗe tana ci ba wanda ya sani. Matakalar ba ta da ƙofa a hawa na sama, sai ta zama kamar bututun hayaƙi. Kafin malaman sama su ankara, baƙin hayaƙi ya cika barandar da za a bi a fita, suka rufe ƙofa suka zauna da yara suna jiran taimako. Yara 92 da malamai 3 suka rasu. Bayan haka hukumar kashe gobara ta Los Angeles ta shirya fim da ya kwaikwayi abin da ya faru, aka kuma gyara dubban makarantu a faɗin ƙasar. In kin ga tsohon fim yana nanata a buga ƙararrawa tun kafin a tsaya binciken daga ina hayaƙi yake, yara su fita a layi ba gudu ba turereniya, malami ya ɗauki rajista ya ƙirga su a waje, to daga irin wannan musibar darasin ya fito, kuma ba abin da ya canza a cikinsa. Haka nan rarrafe a ƙarƙashin hayaƙi, da taɓa ƙofa da bayan hannu kafin a buɗe, da jawo ƙofa a rufe in an fita, da haramta komawa ciki don ɗauko jaka ko takalmi. Duk waɗannan ki bar fim ya yi aikinsa.

Babbar matsalar ita ce lokaci. Ki lura da ɗakin da ke cikin irin finafinan shekarun 1950: kujerun katako, katifar auduga, labulen auduga, dardumar ulu. Wuta takan ci irin waɗannan a hankali, shi ya sa za ki ga uba ya farka, ya sa silifas, ya tashi matarsa, ya leƙa ɗakin yara, ya buga waya, sannan a fita cikin natsuwa. Yanzu ki dubi falon kowace amarya: kujerun soso, katifar soso, labulen leda-leda, kafet, silin na roba, ga bokitai da kwandunan roba jibge. Duk daga man fetur aka samo su, kuma in sun kama da sauri suke ci. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka a tsakiyar shekarun 1970 sun nuna mutum na da kimanin minti 17 na tsira bayan na'urar gano hayaƙi ta yi ƙara. Da aka maimaita irin gwajin a farkon shekarun 2000, sai aka ga in wuta ce mai harshe abin ya dawo kusan minti 3. Hayaƙin soso kuma ba na itace ba ne, yana ɗauke da guba mai sumar da mutum tun wuta ba ta iso shi ba. Saboda haka duk inda kika ga ɗan fim yana tafiyar hawainiya, ki tsayar da hoton ki ce wa yara: wancan gidan kakanninsu ne, a namu gidan ba a jira.

Sai kayan kashe wuta. A finafinan masana'antu da na direbobi na kafin 1960 za ki ga wata 'yar gwangwanin tagulla mai famfo kamar na feshin maganin sauro, ko ƙwallon gilashi da ake jefawa cikin wuta. Ruwan da ke ciki sinadarin kabon tetrakulorayid ne, wanda in ya ji zafi yakan rikiɗe ya zama fosjin, iskar gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. An daina shi tuntuni. Akwai wata babbar tukunyar kashe gobara kuma da sai an kifa ta kai ƙasa take aiki. Yaron da ya koyi wannan, ran da ya ɗauki jar tukunyar zamani zai kifa ta yana jira, alhali ita cire fil ake yi, a saita bakin a gindin wutar, a matsa hannun, a riƙa kaɗawa hagu da dama. Bargon asbestos (wani zaren ma'adini da wuta ba ta ci) da ake yabo a wasu finafinan shi ma an gano ƙurarsa na jawo cutar daji a huhu. Ni a ganina wannan sashen gaba ɗaya ki tsallake shi. Ɗan aji biyar ba shi da aiki da tukunyar kashe gobara, aikinsa ya yi ihu ya fita.

Akwai wani fim na Ingila da za ki yawaita gani, kuma shi ne ya fi jan hankalin mata. Uwargida ta ɗora mai za ta soya dankali, wani abu ya ɗauke mata hankali, ta dawo ta tarar kasko ya kama. Sai murya ta ce ta kashe murhu, ta jiƙa tawul, ta matse, ta lulluɓe kaskon, ta bar shi rabin awa. Shekara da shekaru ana koyar da haka, sai a 2008 gwamnatin Ingila ta janye shawarar, saboda mutane na ƙonewa wajen kusantar kaskon, wasu kuma ba sa matse tawul ɗin sosai. Sabuwar shawarar ita ce a kashe murhu in ana iya kaiwa gare shi lafiya, a fita, a rufe ƙofa, a kira 'yan kwana-kwana. Amma rabin farko na darasin yana nan, kuma da ma duk mai tuyar ƙosai ko awara ta gan shi: kada a kuskura a watsa ruwa a mai mai ci, kada kuma a ɗauki kaskon a nufi waje da shi. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya nutse ƙasa, ya tafasa nan take. Lita ɗaya ta ruwa takan zama tururi kusan lita 1,700, shi ne yake cilla man da wutarsa har silin.

Wutar da ta kama tufa kuma, tsofaffin finafinan sukan ce a naɗe mutum da bargo ko darduma. Daidai ne in na ulu ne ko auduga mai kauri. Bargon kasuwa na yanzu narkewa yake ya manne a fata. Daga shekarun 1970 aka koma koya wa yara su tsaya cak, su faɗi ƙasa, su rufe fuska da tafin hannu, su yi ta birgima. Wannan ki sa su gwada a tsakar makaranta, musamman 'yan mata, don dogon hijabi na yadin roba da kaskon jin ɗumi ba sa ga maciji. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake ta kwarara mata kamar minti 20, ba man shanu, ba ɗanyen ƙwai, ba makilin.

Wani abin lura a gefe: faifan silima na wancan zamani shi kansa makamashi ne. Har zuwa farkon shekarun 1950 faifan manyan silimu da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda in ya kama ko a cikin ruwa ci yake yi. Mutanen Kano ba su manta da silimar El Duniya ba, inda wuta ta tashi daga ɗakin na'ura a watan Mayun 1951 ta hallaka mutum sama da 300. Finafinan makaranta kuwa a kan ƙaramin faifai mai faɗin milimita 16 aka buga su, wanda tun fitowarsa a 1923 aka yi shi da abin da ba ya saurin kamawa, don a iya haska shi a aji da gida. Wani Ba'amurke, Rick Prelinger, ya tattara dubbansu, kuma da yawa daga waɗanda kike gani a YouTube daga taskarsa da ke shafin intanet na Internet Archive aka kwaso su. In kina son kwafi mai kyau, can za ki duba.

Abin da ba za ki samu a ko ɗaya daga cikinsu ba shi ne gidajen ɗalibanki. Babu janareta da ake ɗura wa fetur yana aiki, babu hitar da aka bari a bokiti aka ɗauke wuta aka manta har aka dawo da ita tsakar dare, babu jarkar fetur a ƙarƙashin gado, babu ƙarfen taga da aka yi wa walda ta yadda ko kyanwa ba ta fita. Lambar wayar da fim zai ambata ma ta can ce. Ki nemi ta ofishin kashe gobara mafi kusa da ku, ki rubuta a allo, kowa ya kwafa a bangon littafinsa.

Fim ɗaya ya isa a zama guda, na minti goma ko ƙasa da haka, ki kashe sautin ki yi bayanin da Hausa da bakinki. Da an gama, a buga ƙararrawa, ki duba agogo ki ga minti nawa za su ɗauka kafin su taru a filin ƙwallo, ki ƙirga su da rajista. Kafin ranar kuma ki zaga da hedimasta ku duba ƙofar baya ta kowane aji, don sau tari za ku tarar da kwaɗo a jiki, makullin yana aljihun maigadi, shi kuma ya tafi cin abinci.