Tambayi Bakanike: Bayan motata na tsalle in na taka totur

TAMBAYA: Salam Oga, dan Allah ina da tsohuwar Hilux da nake ɗauko masara da ita daga ƙauye, na sa mata bulon ƙarfe tsakanin sifirin da aksil don ta ɗaga saboda lalacewar hanya. To tun lokacin in zan tashi da kaya a yashi ko a hawa sai bayan ya dinga tsalle yana bugawa dum dum, kuros ɗin farfela, wato mahaɗin sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, sau biyu yana tsinkewa. Na ga a bidiyo 'yan Amurka na haɗa wani dogon ƙarfe daga aksil zuwa shasi wai traction bar, shin mai waldan unguwarmu zai iya yi min shi? Daga mai karatu a Funtua.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Eh zai iya, amma tsaya tukuna ka fara gane abin da ke damun motar. In ka taka totur tayoyi na juyawa gaba, shi kuma gidan aksil sai ya nemi murɗawa baya, hancin da farfela ke shiga ya ɗaga sama, ba abin da ke riƙe shi sai sifirin, sai sifirin ya lanƙwashe kamar harafin S, da taya ta ɗan sulluɓe sai ya dawo da ƙarfi, ya sake lanƙwashewa, wannan shi ne tsallen da kake ji kuma shi ke cin kuros ɗinka. Bulon da ka sa ne ya ƙara tsananta abin, don ya nesanta aksil daga sifirin, kamar ka ƙara wa sifana tsawo ne. Su 'yan Amurkan ma manyan motocin dizal ɗinsu irin su Ford da Ram da suke ɗagawa su sa manyan tayoyi ne ke jawo musu wannan.

Ni gaskiya da motata ce bulon zan fara cirewa, in duba yubol (ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksil) da santabol (kusar da ke haɗe yadudukan sifirin a tsakiya) da bushin da shokozoba, sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

In kuma dole sai ka bar ta a ɗage, to ga inda nake so ka natsu. Kuskuren da ke bani tsoro shi ne a ɗauko ƙarfe a yi masa walda kam a aksil, kam a shasi. Sifirin in ya danne tsawo yake ƙarawa, aksil ya ɗan matsa, in ƙarfen ya hana shi motsi to wani abu sai ya karye, ko waldar ko shasin kansa, kuma a kan titi da kaya zai faru. A yi shi mai kusurwa uku, ya kama aksil wuri biyu, sama da ƙasa, kusa da tulun tsakiyar aksil inda farfela ke shiga, sannan can gaba a rataye shi da shakul mai bushin irin na bayan sifirin, shakul ɗin ya tsaya a miƙe, ta haka zai hana murɗawa amma ya bar aksil ya yi sama da ƙasa. Ya yi tsawo sosai, ya kai kusa da kuros na gaba. Kuma a yi awo mota na tsaye kan tayoyinta, ba a kan jak ba.

Fayif ɗin ya zama mai kauri, faɗin kamar inci 2, kaurin jiki kusan milimita 6, dan Allah ban da fayif ɗin ruwa, ba shi da ƙarfi kuma hayaƙinsa wajen walda cuta ne. Kusoshi masu lamba 10.9 a ka. Walda a jikin aksil kaɗan kaɗan ana bari ya huce, zafi da yawa na karkatar da shi. A cire kan batir, a kula da tankin mai da layin birki.

Bayan 'yan kwanaki ka shiga ƙarƙashi ka sake ɗaure notuna ka duba ko walda ta tsage. Kuma fa wannan ƙarfen ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya ko buhu ɗaya, kar ka ƙara lodi saboda shi.