Agaji, tallafi da ladan kuturu

Tambaya: Malam, gidajen rediyo suna cewa "hukumomin agaji" suna gina hanyoyi da madatsun ruwa a ƙasashen da tattalin arzikinsu ke bunƙasa. Kiran wannan aiki "agaji" daidai ne?

Amsa: Ba daidai ba ne, kuma wannan sakaci ya daɗe yana damuna. Agaji na wanda ruwa ya ci ne, ko gobara, ko fari, ko yaƙi. Ana agaza masa ne da gaggawa don kada rai ya salwanta. Aikin Red Cross ke nan tun 1863, shi ne kuma aikin Hukumar Abinci ta Duniya idan ta sauke buhunan hatsi da garin tamowa a sansanin 'yan gudun hijira. Tallafi daban ne. Dubi mace ta tallabi ƙeyar jariri da tafin hannu, ko ɗan tallafi da ake riƙo har ya girma: ana riƙe abu ne kafin ya iya tsayuwa da kansa. Horar da ungozoma, sanyaya allurar rigakafi daga tashar jirgi har ƙauye, gyara tsarin karɓar haraji, duk tallafi ne. Ƙasa mai saurin bunƙasa tallafi take buƙata, shi ma yana raguwa. Sin ta daina karɓar rance mai rangwame daga Bankin Duniya a 1999, Hukumar Abinci kuma ta rufe rabon abinci a can a ƙarshen 2005. Indiya kuwa ta ƙi karɓar agajin gwamnatocin waje bayan igiyar tsunami ta 2004. Mai fassarar da ya haɗa duka a "agaji" ya ɓoye wa mai sauraro wannan sauyi.

Tambaya: Rance da aro fa?

Amsa: Aro, abin da ka karɓa shi za ka mayar. Rance kuwa kwatankwacinsa. Yawancin kuɗin bankunan raya ƙasa rance ne, a daina kiransa kyauta.

Tambaya: Wace karin magana ta dace da sharuɗɗan masu ba da kuɗi?

Amsa: "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski." Gwamnati ta karɓa, sai a ce ta zuba nata kason, ta buɗe littattafanta ga masu bincike, wani lokaci ta sayi kaya daga ƙasar da ta bayar. Ayyuka da yawa a nan suke mutuwa: kason gida bai fito ba, ko wa'adin shekara uku ya cika babu kasafin gyara, famfon ya tsaya. Kada a ce "kowa ya ci na kuturu", ladan ne aka ci.

Tambaya: "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni"?

Amsa: Wannan ai ta fassara kanta.