Ina so in zuba miliyan 3 a hannun jarin da ba a cika cinikinsa ba

Tambaya: Jarina duka naira miliyan 10 ne. Akwai wani ƙaramin kamfani a kasuwar hannayen jari ta Legas, hannun jarinsa naira 2, ina ganin zai tashi. Sai dai abin da ake cinikinsa a rana bai wuce hannun jari 200,000 ba. Zan iya zuba miliyan 3?

Amsa: A'a, Malam, ya yi yawa. Shiga ba ta da wuya, fitar ce abin dubawa.

Miliyan 3 za ta ba ka hannun jari miliyan 1.5. Idan ba ka so ka karya farashin da hannunka, kada abin da kake sayarwa a rana ya wuce kashi ɗaya bisa biyar na cinikin ranar, wato 40,000. Ka ga sai ka shafe kwana 38 na kasuwa, kusan wata biyu, kafin ka fita. Wannan ma idan masu saye suna nan. Ranar da mummunan labari ya fito, su ne farkon ɓacewa.

Kada kuma ka dogara da umarnin da ake bai wa dillali cewa ya sayar da zarar farashi ya sauka zuwa kaza. Umarni ba ya haifar da mai saye. A NGX, wato kasuwar hannayen jari ta Legas, farashi ba ya faɗuwa fiye da kashi 10 cikin ɗari a rana guda, wasu suna ɗaukar hakan kariya ce. Ba haka ba ne: sai ka ga kaya jibge a layin sayarwa, babu mai tayawa, gobe ya sake sauka. Kwana uku a haka, kashi 27 ya tafi kana kallo. Waɗanda suka ga faɗuwar kasuwar a 2008, musamman masu saye da bashin banki, sun san wannan zafin.

Ni lissafi biyu nake yi. Asarar da zan iya haɗiyewa kashi 2 ce na jarina, a wurinka naira 200,000. Idan ka ƙaddara faɗuwar kashi 30, iyakar abin da za ka zuba wajen naira 660,000 ne. Na biyu, abin da zan iya sayarwa cikin kwana biyar: hannun jari 200,000, wato naira 400,000. Ƙaramin cikinsu ake ɗauka.

Ka saya kaɗan-kaɗan, kana faɗa wa dillali farashin da ba zai wuce ba. Kuɗin makaranta ko na haya kuwa kada ya shiga nan.