Injin buga ƙusar katako: zai biya kuɗinsa a shagon kabad?

Tambaya: Ina da shagon kafinta a Kaduna, yara shida, muna haɗa kabad ɗin kicin da wadrob da MDF, wato allon garin katako da aka matse. Na ga injin da ke huda katako, ya zuba gam, ya buga dawel, wato ƙusar katako, da kansa. In na saya aikina zai ƙara sauri? Daga wani mai karatu.

Amsa: Maigida, zai ƙara, amma ba shi ya kamata ka fara saya ba.

Aikin injin uku ne a jere: ya huda gefen allo, ya fesa gam daidai awo, ya tura ƙusar katakon ciki, duk cikin 'yan daƙiƙu. Ƙusar da aka fi amfani da ita a allo mai kauri milimita 18 ita ce mai faɗin milimita 8, tsawo 30 ko 35. Kamfanoni irin su Gannomat na Ostiriya da Koch da Homag na Jamus sun daɗe suna ƙera shi. Abin da yake raba ka da shi shi ne yaron da ke zaune da robar gam da guduma, wani rami ya cika shi har ya tumbatsa, wani ya bar shi a bushe.

Sai dai galibi gefe kawai yake hudawa. Ramin da ke fuskar ɗaya allon, inda kan ƙusar zai shiga, wani injin ne ke yin sa. Idan ramukan biyu suka saɓa da ko rabin milimita ne, kabad ba zai zauna daidai ba, ƙofa ta riƙa gogar gefe. Ƙusar katako ba ta da afuwa irin ta sukuru, wanda za ka iya kwancewa ka ɗan gusa. Don haka in har yankanka da zarton hannu ne, ko zarton tebur da ba ya fitar da kusurwa daidai, injin zai taya ka ɓata allo ne da sauri. Gyara yanka tukuna. Sai ka nemi injin huda mai baki 21, wanda tazarar bakunansa milimita 32 ce, tsarin da masana'antun Turai ke bi. Na uku injin matsi, mai riƙe kabad har gam ya kama. In babu shi, alluna za su taru suna jiran kilam, wato abin matsi na hannu, saurin ya tashi a banza.

Ga kuma abin da dillali ba zai faɗa maka ba. Injin na son iska mai ƙarfin kusan bar 6 (awon matsin iska) daga kwamfuresa, busasshiya, manyansa kuma wuta mai layi uku suke ci, ka san halin wutarmu. Da hunturu gam na saurin daskarewa a bakin feshi, dole a wanke shi da ruwa duk tashi daga aiki. Da damina ƙusar ce ke shan laima ta kumbura ta maƙale a bututu, saboda haka a leda a ɗaure ake ajiye ta.

Idan kwangilar gidaje ko makarantu kake samu, kabad iri ɗaya ɗari ko fiye, saya. Idan kuwa kayan ɗakin amare ne, kowace uwa da awon da take so, injin huda da ma'aunin dawel na hannu sun ishe ka a yanzu.