Hannun jan fim na Canon AE-1 ya cije, mi zan yi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, daga Tawa nike rubuto maka. Na gaji kyamarar mahaifina, Allah ya jiƙan shi, Canon AE-1 ce, ta yi shekaru cikin akwati. Hannun da ake ja don fim ya matsa gaba ya cije, in na danna madannin ɗauka shiru. Wani ya ce in ɗiga mata man keken ɗinki, in yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya gafarta ma baba. Don Allah kar ka sa mata mai, kuma kar ka ja hannun nan da ƙarfi, haƙoran da ke ciki ƙanana ne, in guda ya karye samun madadin shi ko a Yamai aiki ne.

Wannan kyamara da ta fito a 1976 da wuta take aiki, in ba pil (batir) labulen cikinta da ke barin haske ya kai ga fim ba ya buɗewa sam, shi kuma hannun ba ya sake motsi sai an ɗauki hoton da aka ɗana, to ka ga wataƙila lafiyar shi lau, jira kawai yake. Da kyamarar Pentax K1000 ce da na ce maka wani abu daban, don ita tana ɗauka ko ba pil.

Fara duba ɗan abin juyawa da ke kewaye da madannin ɗauka, in yana kan L a kulle take, maida shi kan A. Daga nan ka buɗe gidan pil da ke gaba kusa da gilashi, a hankali fa, murfin roba ne kuma ya tsufa, da yawa na gani a karye. Pil ɗinta 4LR44 ne mai volt 6, in ba ka samu ba je wajen masu gyaran agogo ka sayi LR44 guda 4 ka jera su fuska ɗaya ka naɗe gefensu da salatif, sauran gurbin ka cike da ɗan dunƙulen takardar aluminiyam. In tsohon pil ya zuba za ka ga fari-fari kamar kanwa a jikin ƙarfen, goge shi da auduga da ɗan alkol har ya yi ƙyalli.

Kar ka manta a duba ko akwai fim ciki da ya kai ƙarshe, hoto 24 ko 36, shi ma yana tsaida hannu. Danna ɗan madannin da ke ƙasa ka naɗe fim ɗin baya kafin ka buɗe murfi, ƙila akwai hotunan baba a ciki, haske na taɓa su sun tafi.

In duk ka yi wannan shiru, to galibi maganaɗisun da ke ƙarƙashin murfin ƙasa ne ya manne da tsohon mai da ƙura, wannan kam ba na so ka taɓa da kanka, nemi tsohon mai hoto da ya yi aiki da fim ya nuna maka mai gyara. Ka rubuto mini abin da ka gani bayan ka sa pil.